Salula ta kawo mana labarin Mosko, na Gabi kuma sai a tasha



Yau da kaina zan fara, don kada wani ya ce wa'azi na zo yi mashi. A shekarun baya, in na dawo daga sallar asuba, akwatin rediyo nake fara murɗawa. Yanzu kuwa tun ban cire hula ba hannuna ya kai ga salula. Wata safiya cikin damina na ce bari in ƙirga abin da ya kwana yana jirana a gurup-gurup ɗin WhatsApp da nake ciki: na dangi, na ƴan fadarmu, na ƴan garinmu da ke waje, da na abokan lakwal. Saƙon murya da bidiyo sun haura arba'in. Ga Putin, ga Macron, ga Trump, ga kyaftin Ibrahim Traore har sau bakwai, ga makamai masu linzami suna tashi a wani birni da ba a faɗi sunansa ba. Abin da ya shafi ƙasar Madarunfa biyu ne kacal: sanarwar rasuwa, da wani bawan Allah mai cigiyar jakinsa. Alhali a daren nan mutanen wani ƙauye da ke bakin daji cikin gero suka kwana, saboda an ji ƙarar bindiga. Wannan labarin sai da hantsi na ji shi, a tasha, a bakin wani ɗan kabu-kabu.

Tun ranar abin yake cina. Yaya aka yi mutumin da ke zaune a bakin tafki ya san abin da aka faɗa jiya a fadar Kremlin, amma bai san abin da ya faru a ƙauyen da babur ke kaiwa cikin rabin awa ba?

Ni dai ba na cikin masu tsine wa salula. Na kai shekarun da na ga lokacin da ake ɗaukar murya a kaset, a naɗe shi a leda, a ba direba ya kai wa ɗan bida a Abijan, amsa ta dawo bayan wata biyu. Yau tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba sai ta danna, ta yi wa ɗanta faɗa a Libiya, ya ji kafin ta ajiye. Kuɗi na shigowa ta Nita ko Amana kafin a sauke tukunya. Mai zogale a Jiratawa na jin farashin Maraɗi kafin ya ɗaure buhu. Yawancin wayoyin da ke aljihunmu, Tecno ne ko itel ko Infinix, kuma duka ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Mutanen nan sun karance mu sosai: wurin layi biyu, batir mai jure kwanaki, tocila mai haske, lasifika mai ƙarfi. Mu kuwa ƴan bakin iyaka layi biyun nan ya zame mana dole, ɗaya Airtel ko Moov ko Zamani, ɗaya na Najeriya.

Sai dai wayar da muke gani tamu ce, igiyarta na hannun wasu, kuma mun sha ganin an ja igiyar. Ku tuna farkon watan Agusta na 2023. Kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, cikin takunkuman CEDEAO. A lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nigelec ke rabawa daga can take zuwa, mu na Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa. An yanke shawara a Abuja, sai ga layi a gaban mai cajin waya a Madarunfa, kowa riƙe da mataccen ƙarfensa, mai fanon rana ya zama babban mutum. Kafin nan, a watan Satumba na 2021, hukumomin Katsina sun sa an rufe rezo a ƙananan hukumomi 13, har da Jibiya, don a toshe wa ƴan bindiga hanyar sadarwa, mutanen can suka riƙa matsowa bakin iyaka suna laluben rezon Nijar don su gaida ƴan uwa. Mu ma a watan Fabrairu na shekarar, bayan sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet ɗin salula na kwana goma. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma, cikin azumi, igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kodebuwa, saƙo ya riƙa juyawa ba ya tafiya a ƙasashe da dama har da tamu. Mu da ba mu da teku, igiyar teku ta hana mu aika gaisuwar shan ruwa.

Yanzu ga Starlink. Gwamnati ta sa hannu da kamfanin a watan Oktoba na 2024, ya fara aiki a Maris 2025, kuma a garuruwa har an fara ganin masu sayar da wifi na awa-awa. Mai kamfanin, Elon Musk, Ba'amurke ne. Sojojin Amurka sun tattara kayansu sun bar sansanin Agadas a watan Agusta na 2024, sai ga taurarin ɗan kasuwarsu suna shawagi a samanmu, da lasisi a hannu. Ban faɗi haka don in kushe ba, ƙauyen da bai taɓa ganin sandar rezo ba zai amfana. Na faɗa ne don mu san cewa WhatsApp da Facebook na kamfanin Meta ne a Amurka, TikTok na kamfanin ByteDance ne na Sin, wayar daga Shenzhen, wutar daga Najeriya. Duk wanda zai yi maganar ƴancin kai da salula a hannu, ya kamata ya san a tabarmar wa yake zaune.

To amma tambayata ta farko ba ta wuta ko rezo ba ce, ta labari ce.

Iyayenmu suna da hanyarsu ta tace labari, kuma ba ta da wuya. BBC ta fara Hausa tun 1957, Jamus 1963, Muryar Amurka 1979, RFI ta biyo baya a 2007. Dattijo zai ji wannan da asuba, ya murɗa ya ji waccan, in ya zo majalisa ya ce "Landan ta ce kaza, amma Jamus ba ta faɗa ba, mu dai jira." Kowace tasha da ubangidanta da kuma abin da take so ka yarda da shi, wannan ba ɓoyayye ba ne. Amma ka san wa ke magana, ka san daga ina, ka san ranar, in ya yi ƙarya gobe za ka gane muryarsa. A ranar 3 ga Agusta 2023 hukumomi suka dakatar da RFI da France 24. A ranar 12 ga Disamba 2024 aka dakatar da BBC na wata uku, kan rahotannin da ta bayar game da wani hari a yankin Tera, waɗanda gwamnati ta ƙaryata. Muryar Amurka kuwa ba Yamai ce ta rufe ta ba, shugaban ƙasarta ne da kansa, Donald Trump, ya sa hannu a takarda a watan Maris na 2025, sashen Hausa ya yi shiru. Kowa na da ra'ayinsa kan waɗannan matakai, akwai masu cewa dama tashoshin bakin Turawa ne, akwai masu kewar su. Abin da ba a gardama a kai shi ne kunnen mutum ba ya zama haka nan. Inda aka ɗauke murya mai suna, murya marar suna ce ta zauna.

Saƙon murya ba shi da kwanan wata a jikinsa. Wanda aka ɗauka bara a Zamfara yana iya shigo maka yau kamar yanzu aka yi shi a bayan gidanka. "Assalamu alaikum ƴan uwa, labarin da ke zo mana yanzu-yanzu…" Yanzu-yanzun wace rana? Wa ke magana? Shi ya gani ko shi ma turo mashi aka yi? Ba mai tambaya, don muryar ta Bahaushe ce irin tamu, ga sallama, ga rantsuwa, wani lokaci har da kuka. Takarda muna iya shakkar ta, amma murya tana shiga jiki.

Wanda ya zauna a nan cikin Agusta 2023 ya san abin da nake faɗa. CEDEAO ta ba da wa'adin mako guda a ranar 30 ga Yuli, a ranar 10 ga Agusta kuma ta ce a shirya rundunar ko-ta-kwana. Daga nan odiyo ya ɓalle. Yau a ce an ga tankokin yaƙi a Jibiya, gobe a ce jirage sun tashi daga Katsina, jibi a ce da asuba za a shigo ta Ɗan Isa. Wasu sun kwashe iyali, wasu sun sayar da bisashe da araha. Ku ƴan uwa na waje kun kwana kuna kira, kuna cewa a fita daga gari. Yaƙin bai zo ba. Sanatocin arewacin Najeriya sun ƙi, tsohon Sarkin Kano na lokacin Muhammadu Sanusi ya je Yamai tare da Sarkin Damagaram, ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ya bi baya, aka yi ta yayyafa ruwa. Abin da ya cuce mu da gaske shi ne wanda ba ya daɗin turawa: iyaka a rufe, manyan motoci jere a hanya kaya na ruɓewa, shinkafa da magani sun yi tsada, mai ɗan awo da ke tsallakawa kasuwar Jibiya ya koma bin hanyar daji yana biyan kuɗi a kowace kwana. Sai 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkuman, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe a ranar 22. Wata bakwai da wani abu kenan.

Wani abin da ya fi damuna daga wancan lokacin shi ne zagin da ya shiga tsakanin ƴan Nijar da ƴan Najeriya a Facebook da TikTok, wanda ya ƙara zafi bayan hirar da Janar Abdourahamane Tiani ya yi da Hausa a ƙarshen Disamba 2024, inda ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa, su kuma suka musanta. Wannan magana ce ta shugabanni, su ke da bayanan sirri, su za su warware. Amma yaron da ke Yamai ko Abuja in ya zagi "ƴan can", bai san kowa a can ba. Mu fa? Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce mashi, tun da sarakunan Katsina suka baro birninsu bayan jihadi suka kafa Maraɗi. Da wuya ka sami gida a Ɗan Isa da ba shi da suruki ko kawu a Jibiya. Tun 2019 ƴan uwanmu na Zamfara da Sakkwato da Katsina ke gudo wa ƴan bindiga suna samun mafaka a jihar Maraɗi, da su muke cin tuwo. Gwamnatoci kan yi faɗa su shirya. A watan Afrilu na 2025 ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Tuggar ya zo Yamai ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangare, aka yi musabaha a gaban kyamara. Amma na san gurup ɗin dangi da har yau ba a dawo da waɗanda suka fita cikin fushi ba, an yi suna an yi biki ba su zo ba. Magana zarar bunu ce, ta salula kuma ta fi muni, don tana nan ajiye, kowa na iya sake kunna ta.

Ga misalin labarin da ya kamata ya cika wayoyinmu amma bai cika ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala fita daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairu 2025. A ranar CEDEAO ta sanar cewa, har sai an ji wata magana, za a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta, kuma mutanen ƙasashen uku za su ci gaba da shige da fice da zama ba tare da biza ba. Ga mai sayar da shayi a Legas ko mai gadi a Abijan, duk cikin rikicin babu jimlar da ta kai wannan muhimmanci. A ƙarshen Maris 2025 kuma ƙasashen AES suka sa harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ake shigowa da su daga wajen ƙawancen, abin da ya shafi duk mai ɗauko kaya daga Kano. Sau nawa aka turo muku waɗannan? Ni ban gan su a gurup ko ɗaya ba. Amma waƙar da aka ce R. Kelly ya yi wa Traore, an turo mani ita ta fi sau goma, alhali mutumin yana kurkuku a Amurka, na'ura ce ta haɗa muryar. A watan Mayu na 2025 har wani dogon bidiyo aka haɗa na sabon Fafaroma Leo yana yabon Traore, sai da fadar Vatican ta fito ta ce ƙirƙira ce. A yaƙin kwana 12 na Iran da Isra'ila cikin watan Yuni, hotunan wasan kwamfuta da na ƙirƙirarriyar basira sun gauraya da na gaskiya, har mai ido ma sai ya dube su sau biyu.

Me ya sa muke son su? Ina ganin dalili biyu ne, kuma na farkon ba abin kunya ba ne. Haushin da mutanenmu ke ji na gaskiya ne. An fara haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, ya haska biranen Faransa, ƙauyukanmu suna kunna aci-balbal. Ranar da sojan Faransa na ƙarshe ya tashi daga Yamai, 22 ga Disamba 2023, mutane da yawa sun ji sanyi a zuci, ba kuma wanda ya biya su. To wanda ke ɗauke da irin wannan ciwo, in ka nuna mashi bidiyon da ake wulaƙanta Macron, ba zai tsaya tambayar wa ya haɗa ba. Dalili na biyu kuwa kasuwa ce. Masu haɗa irin waɗannan bidiyo a YouTube da Facebook yawan kallo ke kawo masu kuɗi, kuma manhajar kanta an gina ta ne ta ƙara maka irin abin da ka tsaya a kai. Ka kalli Putin sau uku, gobe ta cika maka faranti da shi. Farashin taki ba ya sa jini ya tafasa, saboda haka ba ta kawo maka. Kuma mega ɗinka ne ke ƙonewa, jikar da ɗanka ya aiko daga Tamanraset don a sayi cefane. Faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, amma wannan kallon biya ake yi.

Na ce da kaina zan fara, to bari in cika. Wani dare aka turo mani muryar wata mata tana kuka tana cewa sun shigo, sun kwashe shanu, sun tafi da mutane. An rubuta sunan gari a ƙasa, sunan kuma ya yi daidai da na wani ƙauye na nan wajenmu. Ban kira kowa ba, na tura a gurup ɗin ƴan garinmu na waje, a raina ina taimako. Akwai wani yaro a Aljeriya da mahaifiyarsa ke ƙauyen. Ya kira ta bai samu ba, don wayarta ta kwana wurin mai caji. Ya kira ƙanensa, ba rezo. Yaron nan bai runtsa ba, da gari ya waye ya bar aikin ginin da yake yi, ya karɓi abin da ya samu na kuɗinsa, ya kama neman motar Asamaka. Sai da azahar aka same shi aka ce lafiya lau, ba abin da ya faru. Muryar ta shekarar da ta wuce ce, kuma daga wani gari mai irin sunan a tsallaken iyaka. Aikin dai ya rasa shi. Da ya dawo gida da salla ya zo ya gaishe ni har ƙasa, bai ce mani komai ba. Da ma ya zage ni.

Abin da ya sa irin wannan ke kama mu shi ne harin gaskiya ma ana kai shi. Ba wanda zai ce wa mutumin Gabi ko Safo ko na kewayen dajin Baban Rafi satar shanu da garkuwa da mutane jita-jita ce. Sojojin rundunar Farautar Bushiya suna sintiri, amma iyakar doguwa ce, dajin kuma ba shi da ƙofa. Kuma salular nan da muke gaisawa da ita, da ita ɓarawo ke kiran dangi ya faɗi kuɗin fansa, da ita mai ba shi labari daga cikin gari ke gaya mashi wa ya sayar da sa, wa ɗansa ya aiko. A nan ina da magana da ku na waje, don Allah ku saurara. Hoton sabon gini, hoton shanun da aka saya maka, hoton rasit ɗin Nita da kake sakawa a gurup mai mutum ɗari biyu don a san ka yi wa gida abin kirki, ba ka san idon da ke kallo ba. Kai kana Sabha, tsohonka ne ke kwana a gidan. Haka mai ɗaukar bidiyon motocin sojoji yana cewa ga su nan sun nufi gari kaza, shi a ganinsa yabo yake yi.

Akwai kuma doka, wadda da yawa ba su san ta canza ba. Dokar laifukan intanet ta 2019 an sassauta ta a 2022, aka cire ɗauri kan zagi da ɓata suna. A watan Yuni na 2024 aka dawo da shi: shekara 1 zuwa 3 kan zagi ko ɓata suna ta waya, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da zai iya tada hankalin jama'a, ga tara ta miliyoyin sefa. Kalmar da za ku riƙe ita ce yaɗawa. Ba sai kai ka ƙirƙira ba, dannawar nan ta turawa tana iya isa. A watan Mayu na 2025 an kama ƴan jarida uku na gidan rediyon Sahara FM a Agadas bayan sun maimaita wani labari da wata kafa ta waje ta bayar kan dangantakar Nijar da Rasha. In ƴan jarida masu kati sun shiga wannan hali, ina ga mai shago da ke shugabantar gurup?

Sai dai zan faɗi gaskiyar abin da nake gani, ko da ba za ta yi wa kowa daɗi ba. Tsoron doka bai rage ƙaryar da ke zuwa daga nesa ba, don mai haɗa bidiyon Fafaroma ba ya ƙasar nan, kuma ba wanda aka taɓa tsarewa don ya tura waƙar yabon Traore. Abin da tsoron ya rage shi ne maganar gida. Mutum ya ga abu da idonsa a ƙauyensu, sai ya ce bari in yi shiru kada a ce na tada hankalin jama'a, ko kada ɓarayin su ji muryata su dawo kaina. Ga tsoron hukuma, ga tsoron daji. Shi ya sa maganar Ukraine ta fi sauƙi a bakin kowa, don Zelensky ba zai aiko a kama ka ba, Putin kuma bai san hanyar gidanka ba. Ina ganin amsar tambayar da na yi a farko kenan: labarin nesa kyauta ne a faɗe shi, na kusa kuwa yana da farashi. In hukumomi na son jita-jita ta mutu, hanya mafi kusa ita ce a riƙa fitar da bayani da wuri, da Hausa, daga bakin da aka sani, ko da labarin ba mai daɗi ba ne. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. To mu gani a sanarwar da ta shafi rayukanmu, a ranar da abin ya faru, ba bayan kwana uku da Faransanci ba.

Mu a gidan rediyo, kafin mu saka labarin hari ko rasuwa ko rufe hanya, sai mun kira mai gari ko wani da ke wurin, in bai ɗauka ba mu jira. Wani lokaci WhatsApp ya riga mu da awa biyar, masu sauraro su yi ta kira suna cewa kun kwana. Mun yarda a ce mun kwana. Ku ma akwai abin da ke hannunku wanda ba ya cin mega. In ka ga kibiya biyu a saman saƙo, WhatsApp ne da kansa ke gaya maka ya bi hannu da yawa kafin ya iso gare ka. In labarin hari ne a garinku, kira mai gari ko jandarma ya fi tura shi gurup, gurup ba ya da mota. In kuwa kai ne za ka ɗauki murya kan abin da ya shafi jama'a, farashi ne, ambaliya ce, gada ce ta karye, fara da ranar da garin, ka kuma faɗa ko ganau ne kai ko jiyau. Daƙiƙa biyar ce, amma ita za ta hana a tono muryarka baɗi a tada wa wani hankali a Aljeriya.

Na gwada kawo wannan shawara a gurup ɗin danginmu. Wani kawuna da ke Kano ya ji haushi, ya ce wato shi ne maƙaryacin, shi da ya goya uwata. Na ba shi haƙuri, na ce Kawu wane ni, kaina nake yi wa faɗa. Kwana biyu bai ce uffan ba. Ran na uku da asuba sai ga muryarsa: "Yau Alhamis, ni ne, daga Kano, kuma da idona na gani a Dawanau, gero ya sauko." Ya faɗi kuɗin buhu da naira, ya juya mana shi da sefa, ya ce duk mai niyyar kai kaya ya dakata tukuna. Mutum biyu a gurup ɗin suka fasa ɗaukar mota. Minti biyar bayan haka ya turo bidiyon Putin yana jawabi da Hausa.